Barira Mai Gaida Firji

Da hantsi, bayan matan Birnin Kudu sun sallami yara makaranta sun fara tunanin abin da za a ɗora, za ka hangi wata doguwar mata cikin hijabi ruwan toka tana ratsa lunguna da jaka a kafaɗa. Yanzu tana ɗan ɗingisawa, gwiwar hagu ta fara yi mata gardama, amma saurin yana nan. In ta iso ƙofar gida ba ta tsayawa a zaure. Sallama take yi ta kutsa kai, in kuma an tambayi wace ce, amsarta ɗaya ce shekara da shekaru: "Barira ce, na zo gaida firji."

Kuma gaisuwar take yi da gaske. Sai ta gama da matar gida, ta tambayi yara, ta tambayi mai jiki in akwai, sannan ta nufi kicin. Can za ta tsaya gaban firjin ta yi shiru tana saurare, don ta ce kowane inji da muryarsa, mai lafiya daban, mai wahala daban. Sai ta kashe masa wuta, ta shimfiɗa ɗankwali a ƙasa ta durƙusa, ta zazzage jakar nan: buroshi mai dogon hannu, sukudireba, tocila, tsumma, da sirinji marar allura. Ta kwance ragar ƙasa ta sharo ƙura da yanar gizo-gizo da ƙaiƙayin da ya maƙale. Ta wanke robar ƙofa da ruwan ɗumi, ta saƙala takarda ta rufe ta ja, in takardar ta zaro da sauƙi to robar ta saki. Ta tsirta ruwa da sirinji a 'yar magudanar da ke ciki don kada ta toshe. Ta maida komai, ta kunna, ta sake saurare. In ta gamsu sai ta shafa ƙofar ta ce, "To, Allah ya ƙara lafiya."

Wannan ita ce Malama Barira, matar Malam Iliyasu mai gyaran firji na bakin tasha. Ni kuwa sunana Sa'adiyya, 'yar Gwaram ce da aure ya kawo Birnin Kudu. Na ɗauki alƙalami ne don na ji labarin cewa bayan Babbar Sallar bana za ta ajiye yawon garuruwa saboda gwiwar nan, na ce wallahi ba za ta ajiye shi a ɓoye ba. Yabon gwani ya zama dole, balle gwanar da nake ɗauke da alherinta a wuya.

Yadda ta shiga sana'ar ma abin dariya ne. Da can firji abu ne da ake tsayarwa a kusurwar ɗaki. In ya lalace a samo ƙarti su cicciɓo shi, a ɗora a mota a kai wa Malam Iliyasu shago, shi ke nan. To sai zamani ya zo da sabon yayi, masu sabon gini suka fara sa kafinta ya yi musu kabad a kicin tun daga ƙasa har sama, a cusa firji a tsakiya a rufe shi da ƙofar katako, har baƙo ba zai gane inda yake ba. Abin gwanin kyau! Sai dai an manta da abu ɗaya. Wannan firjin ba ya fita zaure, kuma gidajen namu da yawa an rubuta musu "Ba Shiga" a ƙofa.

Malam Iliyasu da bakinsa ya ba ni labarin ranar da ya gane haka. An kira shi wani gida, maigidan yana tafiya, ya kuma bar umarnin kada namiji ya wuce soro. Haka ya tsaya a zaure yana ɗaga murya, matan gida suna kicin suna amsawa.

"Hajiya, ku duba ƙasa, akwai wata raga!"

"Malam, ba raga a nan, sai tukwane!"

"To ku saurara, injin yana ƙara?"

"Wane injin? Na markaɗe?"

Ya ce haka ya dawo gida muryarsa ta dishe, firjin kuma ya mutu murus. Yana ba Barira labari tana dariya har da riƙe ciki, da ta gama sai ta ce masa, "Malam, ni ai ba a hana ni shiga." Washegari ya ɗauko wani mataccen firji daga shago ya ajiye mata a tsakar gida, karatu ya fara.

Amma Barira ba ta tsaya inda mijinta ya tsaya ba. Shi aikinsa sai abu ya lalace a kira shi. Ita da ta shiga kicin-kicin ta ga abin da maza ba sa gani, sai ta lura yawancin firjin da ke mutuwa ba ajalinsu ne ya yi ba, sakaci ne. An tara kuloli a saman kabad an toshe masa hanyar iska. An dawo da wuta da ƙarfi an bar shi ba sitabilaiza mai daidaita wuta. An sauke miya daga murhu an tura ta ciki tana tururi. Sai ta ce wa mijinta, "Kai ta'aziyya kake zuwa, ni gaisuwa zan riƙa zuwa." Daga nan ta tsara wa kanta zagaye, kafin zafin bazara ya kankama ta bi gidaje, kafin naman layya ya shigo ta sake bi, ko an kira ta ko ba a kira ta ba.

Da farko an sha yi mata tsiya. Wata ta ce mata lafiyayyen firji me za a duba masa, ko dai neman shiga gidajen mutane ne? Malam Iliyasu kansa abokai sun tsokane shi, wai matarsa na kashe masa kasuwa, in firji ya daina mutuwa me zai ci? Shi kuwa ya ce ya fi son ya kwana da yunwa da ya ga naman layyar mutum ya ruɓe. Bai kwana da yunwar ba kuwa, don duk aikin da ya fi ƙarfin buroshi shi take kai wa.

Ku tambayi Hajiya Jannat mai zoɓo da kunun aya, ita da bakinta ba ya ajiye magana. Ta ce ranar da Barira ta fara shiga gidanta ta same ta da wuƙar yankan albasa tana sassaƙar ƙanƙarar da ta daskare a cikin firji. Barira ko sallamar ba ta ƙarasa ba ta yi kukan kura ta riƙe mata hannu.

"Hajiya, don girman Allah! Bayan ƙanƙarar nan bututun gas ne. Kika huda shi kin yanka firjin nan ba bisimilla."

"To ya zan yi? Ƙofa ta ƙi rufuwa, ga zoɓo na jira."

"Ki kashe wuta, ki sa kwanon ruwan ɗumi a ciki, ki je ki yi hirarki. Kafin ki dawo ta zubo da kanta."

Hajiya Jannat ta ce har yau in ta ɗauki wuƙa a kicin sai ta waiga ta ga ko Barira na bayanta. Firjin kuwa ya aurar mata da 'ya'ya mata, yana nan yana aiki.

Duk wannan ji na yi. Wanda zan faɗa yanzu da idona na gani, a gidanmu, a kan mahaifiyata.

Inna Azumi, mahaifiyarmu, tana da ciwon suga, irin wanda sai da allura kullum. Maganin allurar nan kuwa ba ya son zafi, in ya daɗe a cikinsa sai ƙarfinsa ya tafi, a yi ta tsira shi a jiki kamar ruwa. Don haka ƙanena Kamaluddeen, da yake aiki a Kano, da ya gyara mata gida a Gwaram sai ya sa sola, ya sa aka gina mata irin firjin nan na cikin kabad, yana aiko da maganin da yawa ana adanawa a ciki. Matarsa Sharifa ce ke zaune da Inna, ita ke kula da kicin, ita ce kuma ta iya karanta 'yar na'urar gwajin suga. To bara da bazara Sharifa ta haihu, ta tafi wankan jego gidan iyayenta. Inna ta ce kada kowa ya dame ta, ta iya yi wa kanta allura, ta kuma riƙe gida tun ba a haifi iyayen Sharifa ba.

Ranar kasuwar Gwaram na shirya zuwa duba ta, ina isa tasha sai ga Barira da jakarta tana jan ƙafa. Na ce, "Haba Yaya Barira, da wannan gwiwar, cikin wannan rana?"

Ta ce, "Haka Malam ya ce, wai in bari sai an yi ruwa. Na ce masa ba a fafe gora ranar tafiya. Zafin nan shi ne jarrabawar firji, in ban je yanzu ba yaushe zan je? Na Inna ma yana cikin waɗanda zan gaisar."

Muka matsu a bas ɗaya, mu da buhunan masu cin kasuwa, har Gwaram.

Mun sami Inna a kwance a tabarma ƙarƙashin rumfa, da kofin ruwa a gefenta. Inna da ba ta zama! Ta rame, leɓɓanta sun bushe, muna gaisawa tana kurɓar ruwa. Na tambaye ta jiki, ta ce lafiya lau, zafi ne kawai, bana ya yi yawa, ga ƙishirwa, ga yawan zagayawa, ido ma yana ɗan yi mata hazo. Na tambaye ta allura, ta harare ni.

"Ke, ni za ki koya wa? Ko sau ɗaya ban tsallake ba."

Na yarda da ita, na ce zafin ne. Ina nan ina kwance tsarabar da na zo da ita sai na ji muryar Barira daga kicin, ba irin muryarta ta wasa ba.

"Sa'adiyya, zo!"

Na same ta tsaye ta ɗaga yatsa ɗaya alamar in yi shiru. Sai na ji injin ya yi gurnani kamar zai tashi, ya yi ƙyas, ya mutu. Jim kaɗan ya sake, ya kuma mutuwa. Barira ta nuna mini ƙasan kabad. A daidai inda ragar take an cusa buhun algarara jiƙe sharkaf, an danna shi sosai, har an tokare shi da dutsen niƙa don kada ya zame.

Inna ta biyo mu tana dafa bango. Da ta ga abin da muke kallo sai fuskarta ta washe, irin ta wanda ya yi abin kirki yana jiran a yaba.

"Ai ni na sa masa. Tun da yarinyar nan ta tafi nake jin yana huci ta ƙasa, zafi kamar bakin murhu. Na ce bawan Allah zazzaɓi yake yi. Shi ne na yi masa yadda muke yi wa randa, kullum da safe sai na jiƙa masa buhun. Kin ga yanzu hucin ya daina."

Jama'a, me za ka ce? Duk wadda ta tashi a ƙasar nan ta san haka ake yi. Randa in ana son ruwanta ya yi sanyi, a naɗe ta da jiƙaƙƙen buhu a ajiye a inuwa. Inna ta shekara sittin tana shayar da mutane ruwan sanyi da wannan dabara, ba ta taɓa ba ta kunya ba. Tausayi ne ya sa ta yi wa firji abin da ta sani.

Ni har na buɗe baki zan fara faɗa, Barira ta taka mini ƙafa. Ta durƙusa gaban Inna ta ce, "Inna, Allah ya saka da alheri, kin yi jinya. Sai dai shi wannan ba ɗan gidan randa ba ne. Randa da gumi take sanyi, shi kuwa da numfashi. Hucin nan da kika ji, zafin cikinsa ne yake fitarwa. In ya yi huci lafiya ce, in ya daina shi ne ciwo."

Inna ta ce, "To ai yana aiki. Buɗe ki gani, da wutarsa."

Barira ta buɗe, fitila ta kama tar. Ta sa hannu ciki, ta daɗe, sannan ta kamo hannuna ta sa. Babu sanyi ko na misali, ɗumi ne ma kamar cikin akwati. Ta ɗauko kwalbar maganin Inna ta ɗora mini a tafin hannu, ita ma ɗumi. Sai a nan ne na haɗa ramar da ƙishirwar da hazon idon. Makonni ke nan mahaifiyata tana tsira wa kanta maganin da ya riga ya mutu, tana ganin fitila tana cewa lafiya.

Barira ta dube ni ta ce, "Ni ba likita ba ce, firji na sani. Abin da zan iya rantsewa a kai shi ne maganin nan ya daɗe ba ya cikin sanyi. Ki kwashe shi duka, ki ɗauki Inna ku tafi asibiti yanzu, ki faɗa musu haka. Kada ki jira la'asar."

Inna ta ce ba inda za ta, ga girki ba a ɗora ba, ga baƙuwa. Barira ta ce, "Inna, ni ba baƙuwa ba ce, kuma in kin ƙi tafiya ni ma na fasa duba mara lafiyarki." Da wannan ta ci galaba a kanta. Na fita da gudu ko takalmi ban daidaita ba na samo mota.

A asibiti da aka gwada sugan Inna, ma'aikaciyar ta sake gwadawa don ba ta yarda da na farko ba. Nan take aka ba ta gado aka ɗaura mata ruwa. Likitan ya karɓi kwalaben da na zo da su, ya ji bayanina, ya ce kada a sake amfani da ko ɗaya. Ya tambaye ni wa ya gano, na ce mai gyaran firji. Ya ce to in gode mata, don da an ƙara 'yan kwanaki a haka, a sume za a kawo Inna, in ma an kawo ta. Na fita baranda na kira Kamaluddeen, na faɗa masa ina kuka.

Da yamma na koma gida ɗaukar wa Inna kaya, na sami Barira zaune dirshan a ƙasan kicin, ta miƙe ƙafar nan mai ciwo, hijabinta duk baƙin datti. Ta kwance ragar, ta zaro zaren buhu da ya nannaɗe fankar har ta kasa juyawa, ta goge tsatsar da ruwa ya fara yi, ta bar injin ya huce. Sauran gidajen da ta zo dominsu ko ɗaya ba ta je ba. Ta ce in zo in sa hannu a ƙasa. Na sa, sai na ji iska mai zafi tana bugun tafina. Wallahi ban taɓa murna da zafi irin ta ranar ba! Na rungume ta muna dariya, ni da hawaye, ita tana cewa in sake ta kada in ƙarasa mata gwiwa.

Inna ta kwana huɗu ko biyar aka sallamo ta da sabon magani. Yanzu kuwa ta zama 'yar sandan firji a unguwarsu. Duk gidan da ta shiga barka ko suna sai ta leƙa kicin, in ta ga an rufa wa firji leshi ko an tara masa kaya a kai sai ta yaye, tana cewa, "Ku bar shi ya yi numfashi, ba randa ba ne!" Kamar ita ta ƙirƙiro maganar.

Yaya Barira, yanzu da ke nake. Ke ce kika mai da "Ba Shiga" ƙofar alheri. Ke ce mai zuwa ba a kira ba, mai durƙusawa inda masu gida ke ƙyamar sa hannu. Aikinki irin wanda ba a gani ne, don in kin yi shi da kyau babu abin da ke faruwa, nama bai ruɓe ba, nono bai lalace ba, ba wanda ya kwana asibiti, sai kowa ya ɗauka haka Allah ya so kawai. Haka ne, Allah ne ya so, amma ta hannunki ya so. Kin gyara wa tsohuwa kuskurenta ba ki kunyata ta ba, wannan kuma ba a koyar da shi a shago. Gaishe ki, ta Malam Iliyasu, kunnen da ke jin ciwo tun mai shi bai yi kuka ba!

Na san kin koya wa wata Zulaiha ta Gwaram sana'ar, ita da wasu matan Unguwar Ya, na kuma ga jakunkunansu irin taki. 'Yan'uwana mata, ga hanya an share muku, sana'a ce mai rufin asiri, kuma gidajen da ke jiranku sun fi ƙafafun Barira yawa. Ku kuma masu firji a kicin, musamman wanda a cikin nasa akwai maganin wani, kada ku yarda da fitila. Ku tashi yau ku sa hannu a ciki ku ji sanyi, ku sa a waje ku ji zafi, ku sauke kayan da kuka tara masa, ku kira mai dubawa tun yana da lafiya.

Allah ya ba ki lafiyar gwiwa, Yaya Barira, ya sa ki huta cikin jikoki, ya sanyaya miki kamar yadda kika sanyaya wa mutane. Na gode, na gode. Jiya da safe na kira Gwaram, Inna ce ta ɗauka da kanta, ta wanke ni tas don na kwana biyu ban kira ba, ta ce aure ya sa na manta da uwata. Ina riƙe da waya ina murmushi, na bar ta ta yi faɗanta har ta gaji. Ina da uwar da za ta yi mini faɗa bana, kuma bayan Allah ke ce sanadi.